Yadda ake haɗa sitiyarin tseren mota mai fos fidbak a gida, daga kwali har kan titi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka fara tseren Formula 1 a bakin tekun nan namu na Jidda a Disambar 2021 samarinmu suka kamu da son tseren mota na kwamfuta, kuma cikin abokaina duk wanda ya sayi sitiyari, daga nan Jidda har Makka, sai ya kira ni in zo in haɗa masa. Abin da nake tararwa kusan kullum iri ɗaya ne, mutum ya kashe riyal masu yawa ya sayi inji mai kyau, ya ɗora shi kan tebur mai rawa, ya ƙure komai zuwa 100, bayan sati biyu kafaɗa na ciwo mota na ta zamewa bai san dalili ba, sai ya ce kayan ne ba su da kyau. Toh ɗan'uwa kayan lafiyarsu lau. Shi sitiyarin nan aikinsa ya gaya wa hannunka abin da tayoyin gaba suke ciki, ko sun kama ƙasa ko sun fara saki, wannan shi ake kira fos fidbak, kuma duk abin da zan faɗa a nan don maganar ta iso hannunka ne ba tare da ta ɓace a hanya ba.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

Abin da muke kira bes shi ne akwatin da injin yake ciki, wanda ake ɗaura zoben sitiyarin a jikinsa. Iri uku ne. Akwai mai haƙoran giya irin Logitech G29 da G920 da suka fito 2015, ƙarfinsu Nm 2 da ɗan wani abu, suna da juriya amma suna da ƙara, kuma a tsakiya akwai ɗan wurin da ba ka jin komai. Akwai mai bel irin Thrustmaster T300 RS, wajen Nm 4, ya fi laushi ya fi shiru. Sai mai haɗi kai tsaye wanda ake rubutawa DD, shi ba giya ba bel, zoben a kan sandar injin yake zaune, irin Fanatec CSL DD mai Nm 5 da ake ƙara masa babbar caja ya koma 8, da Moza R5 mai 5.5 da R9 mai 9, har zuwa manya irin Simucube 2 Pro mai 25.

Shi Nm ɗin nan kar ya ruɗa ka, ƙarfin murɗawa ne kawai. In zobenka faɗinsa santimita 30 ne, Nm 8 kamar an rataya maka kilo biyar da rabi ne a bakin zoben yana jan sa gefe guda, na G29 kuwa kamar kilo ɗaya da rabi. A ganina mai farawa tsakanin 5 da 9 ya ishe shi shekaru, wanda kuma aljihunsa bai kai ba ya ɗauki mai giya ko mai bel na hannu ya fara, akwai masu gudu sosai da G29.

Kayan da za ka tanada

Bes ɗin da cajarsa ta asali da wayar USB ɗinsa, zoben sitiyari, fedal na totur da birki, kuloci ba dole ba ne. Kwamfuta ko PlayStation ko Xbox. Tebur mai kauri ko tsayayyen ƙarfe na sitiyari. Kujerar da ba ta gudu. Alanki saiti guda, musamman mai lamba 4 da 5, sifana 10, notuna M6 guda shida zuwa takwas masu tsayi daban-daban da washa, tef na awo, igiyar roba ta ɗaure waya, ekstenshin mai baki uku mai kariya daga hawan wuta, da tsumma ko tsohon zanen gado na rufewa. In za ka huda katako to da injin huda da baki mai milimita 6.5 ko 7.

1. Tabbatar kayan sun dace da na'urarka

Wannan kafin ka biya kuɗi ne. G29 na PlayStation ne da kwamfuta, G920 na Xbox ne da kwamfuta, ba sa musanya. A wajen Fanatec dacewa da PlayStation daga bes take zuwa, dacewa da Xbox kuma daga zoben, mutane da yawa nan suke faɗawa. Yawancin na Moza na kwamfuta ne, amma R3 yana da na Xbox. In Gran Turismo 7 kake so ka buga, wasan PlayStation ne, don haka sai bes ɗin da aka rubuta PlayStation ɓaro-ɓaro a kwalinsa.

In na hannu za ka saya, a manhajar Haraj ko a kasuwar Sawarik ta kudancin Jidda, don Allah kar ka karɓa sai an kunna a gabanka. Ka riƙe zoben ka girgiza shi sama da ƙasa ka ji ko sandar na wasa, ka juya shi a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe a kashe ka saurari ko akwai inda yake gurza, sannan a buga wasa akalla minti ashirin, domin akwai injin da yake lafiya lau yana sanyi amma da ya ɗau zafi sai ƙarfinsa ya faɗi. In mai kayan ya ce babu lokaci, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa ka wuce.

2. Duba wutar ɗakinka

Nan ƙasar an koma wuta 230 mai soket baki uku irin na Ingila, amma tsofaffin gidaje irin waɗanda da yawanmu muke haya har yanzu za ka tarar da soket biyu a bango ɗaya, ɗaya na 127 da muke ce wa 110, ɗaya na 220. Ka juya cajar ka karanta rubutun bayanta. In an rubuta 100 zuwa 240 to ko'ina ta shiga. In 220 zuwa 240 kawai aka rubuta, sai babbar wuta. In kuma daga Amurka aka yo maka odarsa ka kula ƙwarai, akwai masu cajar a cikin cikinsu da 110 kaɗai suka sani. Wani ƙanen abokina haka ya rasa nasa ranar da ya iso, ya cusa a 220 muka ji ɗan fat da warin ƙuna, yaron ya tara kuɗin wata biyar, har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake.

Abu na biyu wayar at, wato ta ukun nan da ke sauke wuta ƙasa. Bes na DD yana son ta. In babu ita za ka iya jin ɗan cizo a jikin ƙarfen, ko maɓallai su riƙa danna kansu, ko fedal ya riƙa rawa shi kaɗai a allo. Kar ka yi amfani da adafta mai baki biyu da ke yar da na ukun. In gidan gaba ɗaya ba shi da at, kira mai gyaran wuta ya duba, wannan ba aikin gwaji ba ne. Kuma kar ka haɗa soket ɗaya da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko firij.

3. Kafe bes ɗin, nan ne rabin aikin yake

Ka yi tunani, injin ya murɗa don ya gaya maka taya ta hau dakalin gefen titi, in teburin ya lanƙwasa ya shanye rabin motsin me ya rage ya iso hannunka? Shi ya sa nake cewa Nm 5 a kan abu mai ƙarfi ya fi Nm 12 a kan tebur mai rawa, na gwada duka biyun a ɗaki ɗaya rana ɗaya.

In tebur ne, kaurin katakon kar ya gaza santimita 2 da rabi zuwa 3, kuma ya zama katako na gaske. Akwai tebura masu kyan gani da cikinsu kwali ne kamar saƙar zuma, kana matse kilam, wato maƙalin da ke kama bes da tebur, sai ka ji ya nutse. Na gilashi kuwa kar ma ka fara. In irin mai kwalin kawai gare ka, je wurin kafinta ya yanko maka falankin katako biyu kamar santimita 30 da 20, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kilam ɗin ya matse su tare da teburin a tsakiya, sannan ka tura teburin ya jingina da bango. Matse kilam da hannu ake yi har ya tsaya, kar ka sa masa sifana, na Logitech roba ne yana tsagewa. Tebur yana ɗaukar mai giya da mai bel da DD har wajen Nm 5 zuwa 8 in yana da nauyi, daga nan sama sai ƙarfe.

In tsayayyen ƙarfe ne ko cikakken kokfit, wato firam mai ɗauke da kujera da sitiyari da fedal, na alminiyon mai tsagi, wanda ake sayarwa 40 da 40 ko 40 da 80, to da noti za ka ɗaure. Yawancin bes suna da ramukan M6 a ƙasansu. Ga kashedin da nake so ka riƙe da hannu biyu: tsayin noti. Ka auna kaurin farantin da za ka ɗora a kai, ka ƙara abin da littafin bes ɗin ya ce noti zai iya shiga, shi ke nan, kar ya wuce. Akwai bes ɗin da allon lantarkinsa yana kusa da ramin, dogon noti yana shiga sai ya taɓa shi. Na taɓa karɓar wani da mai shi ya ɗaure da notin da ya fi ƙima, muka buɗe muka ga bakin notin ya kankare allon kamar an sa ƙusa. In notinka ya yi tsawo ka ƙara washa biyu ko uku, in kana juyawa ka ji ya tokare alhali farantin bai matsu ba, tsaya nan take ka fito da shi. Ka fara sa duka notunan sako-sako, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana matsewa a gicciye.

Wanda ba shi da kuɗin kokfit, ga abin da muka yi wa mutum uku kuma har yau suna amfani da shi. Mun je tashlihin Buraiman, inda a lokacin ake sayar da kayan motocin da suka mutu, muka sayi kujerar gaba ta ƙaramar mota da layin dogonta na matsawa gaba da baya, muka kai wa mai walda ya yi firam da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, farantin sitiyari mai kaurin milimita 4 zuwa 5 da ƙafa biyu a gefe, ba ƙafa ɗaya a tsakiya ba don tana hana ƙafarka kaiwa birki kuma tana rawa. Ka tafi da bes ɗin ko ka zana ramukansa a kwali ka kai masa, kar ka bar shi ya yi da ka. Ka sa ya shafa fenti mai hana tsatsa, danshin Jidda ba ya barin ƙarfe tsirara. In kujerar tana da jakar iska a gefe, ka ce masu tashlihin su cire ta tun a can.

4. Zama da fedal

Ka zauna bayanka ya manne da kujera, ka miƙa hannu ɗaya, wuyan hannunka ya sauka a saman zoben ba tare da kafaɗarka ta bar kujera ba. In ka riƙe zoben dama da hagu gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Tsakiyar zoben ya kalli ƙirjinka zuwa wuya. Fedal kuma in ka take birki har ƙarshe gwiwarka kar ta miƙe sambal.

Gidajenmu tayil ne, fedal na gudu kujerar ofis na gudu. Maganinsa mai sauƙi, tokare fedal da bango da guntun katako a tsakani don kar wayar ta matse, ko ka shimfiɗa darduma mai roba a ƙasa, fedal na Logitech yana da wasu haƙora a ƙasansa da ake buɗewa su kama kafet. Kujera mai taya kuma ka sa tayoyin baya biyu cikin tsofaffin takalma. In birkinka irin mai auna nauyin ƙafa ne da ake kira lod sel, wannan dabarar ba za ta riƙe ba domin kilo da yawa kake dannawa, sai an ɗaure shi da noti a katako ɗaya da kujerar take kai.

5. Ɗaura zobe da haɗa wayoyi

Duk wannan a kashe ake yi. Ka daidaita tsagin zoben da na sandar, ka tura har ka ji ya zauna, in akwai ƙananan alluran lantarki a ciki kar ka tilasta, in bai shiga ba fito da shi ka sake dubawa. Ka girgiza, in akwai wasa ko kaɗan ka sake ɗaurewa. Fedal ya shiga ramin da aka rubuta masa a bayan bes, USB kuma ya tafi kai tsaye bayan kwamfuta, ba ramukan gaba ba kuma ba ta cikin hob mai raba USB ba, rabin matsalar yankewa a tsakiyar tsere daga nan take. Wayar wuta ta bi gefe guda ta USB ta bi ɗaya gefen, ka ɗaure su yadda ƙafa ba za ta ja ba, cajar kuma a ajiye ta inda iska ke ratsawa, ba cikin kafet ba.

6. Manhaja da kunnawar farko

Ka sauke manhajar daga shafin kamfanin da kansa, G HUB na Logitech, Pit House na Moza, su Fanatec da Thrustmaster ma kowa da tasa. Sai ka kunna bes ɗin, kuma ka ɗauke hannunka gaba ɗaya. Mai giya da mai bel suna juyawa da kansu har ƙarshen dama har ƙarshen hagu su dawo tsakiya, suna auna kansu ne, in ka riƙe za su ɗauki tsakiyar da ba ita ba. Yara su matsa, waya ko carbi kar a rataya a zoben. In G29 ɗinka mai ɗan makunni ne a sama na PS3 da PS4, a kwamfuta ka bar shi a PS4.

Manhajar za ta ce akwai sabuntawa na cikin injin. Ka yi, amma ka rufe wasanni, kar ka taɓa waya, kar ka kashe komai sai ta ce ta gama, in laftof ne ya zama yana kan caji. Yankewa a tsakiyar wannan na iya sa bes ya ƙi tashi. Masu PlayStation da Xbox ku ma sai kun nemi kwamfuta ko ta aro don wannan matakin.

Bayan nan danna maɓallin Windows da R ka rubuta joy.cpl, ka buɗe sitiyarinka ka juya ka taka kowane fedal a hankali kana kallon layin. Ya tafi sumul daga sifili zuwa ƙarshe ya dawo. In zoben yana tsaye daidai amma allo ya nuna ya karkace, akwai wurin saita tsakiya a manhajar. Ka kuma shiga saitin wutar Windows ka kashe abin da ke sa USB barci.

7. Saitin cikin manhajar bes

Kusurwar juyawa ka bar ta 900, ko 1080 in naka ya kai, ko Auto in akwai. Wasanni irin iRacing da Assetto Corsa Competizione su suke rage ta daidai da kowace mota. A wasan F1 mutane sun fi sa 360. Gwajin shi ne ka shiga mota ka juya zoben kwata, hannun direban allo ma ya juya kwata, in ya fi ka ko ya gaza ka to lambar manhaja da ta wasa ba su zo ɗaya ba.

Sifirin mai mayar da zobe tsakiya, a G HUB Centering Spring, ka kashe shi a wasannin da ke da fos fidbak, domin ƙarfin ƙarya ne da yake rufe na gaskiya, motar da kanta take mayar da sitiyari in tana tafiya. A mai giya da mai bel Damper da Friction, wato saitin da ke ƙara wa juyawar zobe nauyi, su yi ƙasa sosai, injin da ma yana da nasa nauyin. A DD kuwa ana son kaɗan, don in babu ko kaɗan za ka ga a miƙaƙƙen titi in ka saki hannu zoben ya fara kaɗawa dama da hagu yana ƙaruwa. Ka ƙara kaɗan kaɗan har kaɗawar ta tsaya, ka tsaya nan.

Ƙarfin gaba ɗaya, ƙa'idata ita ce a ƙananan bes a bar shi sama a manhaja a rage a cikin wasa. Amma in naka ya kai Nm 10 zuwa sama ka fara da rabi a manhajar har hannunka ya saba, kuma ka sa maɓallin kashewa na gaggawa inda gwiwa ko hannu zai kai.

8. Saitin cikin wasa, da maganar ƙurewa

Nan nake so ka nutsu. Ka san lasifikar da aka ƙure wa murya, mai magana ya yi a hankali ko ya ɗaga duk ƙara ɗaya kake ji mai tsatsa. Haka injin sitiyari yake. Wasan yana aiko masa da umarni daga sifili zuwa ɗari, in ka ƙure Gain, wato saitin ƙarfin sitiyari na cikin wasan, to tun a tsakiyar kwana umarnin ya kai ɗari, duk abin da ya faru bayan nan, taya ta fara zamewa, baya ya fara fita, an hau dakali, babu sauran wurin da zai nuna maka. Sitiyarin zai yi nauyi kamar dutse amma ya zama kurma. Wannan shi ake kira kilipin, kuma shi ne ciwon kusan duk wanda na je gyara wa saiti.

Ga yadda nake yi. Ka zaɓi mota ɗaya da titi ɗaya da ka sani, ka kashe ƙarin girgiza na ƙawa irin Road Effects da Kerb da Slip ko ka kai su ƙasa, Gain ka fara daga 60 zuwa 70. Ka yi zagaye uku tayoyi su yi ɗumi. A Assetto Corsa Competizione akwai ɗan layi kusa da na totur da birki a ƙasan allo ta dama da yake yin ja in an ƙure. In yana ja a cikin doguwar kwana mai gudu, rage Gain da biyar ka sake. In sai ka daki dakali da ƙarfi yake ɗan yin ja ya wuce, ya yi daidai, bar shi. A iRacing ka rubuta ainihin Nm na bes ɗinka a Wheel Force, ka yi zagaye biyu masu tsabta ba karo, sai ka danna Auto ya saita maka, kuma kowace mota da nata. A Gran Turismo 7 lambobi biyu ne, Max Torque da Sensitivity, ka fara da na farkon a ƙasa-ƙasa kana hawa ɗaya ɗaya, da ka ji nauyi ya ƙaru amma bayani ya ragu ka koma baya.

Ni a wasan F1 titinmu na Jidda nake gwaji da shi, kilomita 6.174 kwana 27, domin jerin kwanonin nan masu gudu na farkon zagaye suna juya sitiyari dama hagu dama ba hutu, sannan ga kwana ta 13 mai gangare da take danna mota ƙasa sitiyari ya yi nauyi. In a ta 13 nauyin yana hawa a hankali yana sauka a hankali, saitin ya zauna. In ya hau ya tsaya cak kamar bango har ka fita, an ƙure.

Abin da kake nema hannunka ya koya guda biyu ne. In ka shiga kwana da gudu fiye da ƙima tayoyin gaba suka saki, sitiyarin zai yi sauƙi a hannunka, ƙara murɗawa ba ya taimako, sassauta totur ne. In baya ne ya fara fita, za ka ji zoben yana son juyawa da kansa ta ɓangaren da bayan ya tafi, ka bar shi ya tafi ka bi shi, kar ka yi kokawa da shi. Ranar da ɗan yayana ya fara kama mota da wannan jin, kafin idonsa ma ya gani a allo, ya juyo ya ce kawu ita ta gaya mini, wallahi daɗin da na ji ya fi na cin tsere.

Masu G29 da G920, wurin nan na tsakiya da ba a jin komai ana rage shi da Minimum Force, ka ɗaga kaɗan kaɗan har ramin ya rufe, in zoben ya fara karkarwa a miƙaƙƙen titi ka wuce, dawo baya. Masu DD ku bar shi sifili. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, ka rubuta a takarda, in ka taɓa uku tare ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Saitin da ka kwafo daga wani mafari ne kawai, zobensa da teburinsa da hannunsa ba naka ba ne.

In wasan ya ga sitiyari amma babu ƙarfi sam, duba ko an kunna fos fidbak a cikin wasan, in ta manhajar wasanni ta Steam kake buga shi kashe Steam Input na wannan wasan, ka cire hannun wasa na biyu in yana haɗe. In kuma zoben yana fizgewa gefe maimakon ya dawo tsakiya, akwai Invert a saitin, juya shi.

9. Kiyaye hannunka da kiyaye injin

Manyan yatsunka su kwanta a kan zoben, kar ka zura su ciki ka maƙale. In ka ga za ka daki bango saki sitiyarin gaba ɗaya, DD yana fizga da saurin da zai iya targaɗa yatsa ko wuyan hannu. In yaro zai buga ka yi masa nasa saitin mai Nm 2 zuwa 3 ka zauna kusa da shi, in ka tashi ka kashe bes ɗin daga soket.

Zafin ƙasar nan kuma sai an yi masa shiri. Kar ka ajiye kayan jikin tagar da rana ke bugawa, kar ka toshe ramukan iska, in ɗakin ba mukayyif ka sa ƙaramar fanka tana hura bayan bes ɗin, musamman mai bel, in ka ji ƙarfi na raguwa bayan rabin awa zafi ne, rage Gain ka ba shi hutu. In a bene kake kuma mai giya gare ka, ƙararsa na bin ƙafar tebur ta sauka wa na ƙasa, ka sa roba mai kauri ƙarƙashin ƙafafun, bayan sallar isha ka rage girgizar don haƙƙin maƙwabci.

Ƙura ita ce mai kashe fedal irin na G29, tana shiga cikin abin da ke auna takawa sai ka ga totur na rawa ko birki ya ƙi komawa sifili. Maganinsa feshin wanke lantarki da ake samu a shagon kayan wuta, ba mai maiƙon nan na kwance noti ba, ka cire waya ka fesa kaɗan ka taka sau ashirin ka bari ya bushe. Duk wata ka bi notunan da alanki domin girgiza na kwance su, sandar DD ka goge ta da busasshen tsumma, in ka gama wasa ka jira injin ya huce sannan ka lulluɓe bes da fedal da zanen nan, ranar da aka yi guguwar ƙura kuma ka ƙara da toshe ƙasan ƙofa.